Daga Injamena Zuwa Dutsen Giwa: Ladabin Mai Haƙa

Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya zo ya zauna a Injamena, abin da zai fara lura da shi bayan zafin rana shi ne garin ba shi da dutse. Babu Dala, babu Goron Dutse, balle irin manyan duwatsun nan na unguwar Birni a Damagaram. Gari ne shimfiɗe a bakin Shari, daidai inda Logon ya shigo cikinsa, ƙasarsa laka ce da yashi. Yaro zai iya girma a Ridina ko Ambasatna bai taɓa tsintar dutsen jifan ƙadangare ba, sai dai ɓallin bulo. Tsakuwar da kuke gani ana kwaɓawa da siminti baƙuwa ce, a mota ake kawo ta, da yawa daga cikinta kuwa daga wajen Dandi, fiye da kilomita 100 arewa da nan.

Hanyar can ta Jarmaya ake bi, inda matatar man da aka buɗe a 2011 take. Amma tun kafin mutum ya rabu da gari zai fara ganin aikin masu haƙa: ramukan da aka kwashi ƙasar bulo aka tafi aka bari. Mu Hausawa mun san kududdufi, da shi aka gina Kano. Sai dai kududdufin unguwa kowa ya san bakinsa da zurfinsa, mai unguwa ya san da zamansa. Waɗannan kuwa ba su da mai su, gefensu a tsaye yake kamar bango, idan ruwan Agusta ya rufe su ba ka bambanta su da fili. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ba sai an gaya masa abin da irin wannan rami ke yi wa yara da dabbobi ba. Malaman fiƙihu na Malikiyya tuni suka yi bayani cewa wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, lamunin abin da ya faɗa ciki yana wuyansa.

Bayan doguwar tafiya a fili fetal, sai kwatsam duwatsun Hajar el Hamis su bayyana, waɗanda lardin Hajar Lamis ya samo sunansa daga gare su. Ɗaya daga cikinsu, idan ka tsaya ta gefen da ya dace, sak giwa ce tsaye da haurenta da ƙafafunta. Masana ƙasa sun ce narkakken dutse ne ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare, shi ya sa jikinsu ya tsattsage kamar an jera ginshiƙai. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa yana gindinsu ne. Akwai tsakuwa mulmulalliya irin wadda igiyar ruwa kaɗai ke iya mulmulawa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, duwatsun nan kuwa tsibirai ne a cikinsa. Tsakuwar ita ce shaidar bakin ruwan. To, baƙo ya zo yawon buɗe ido, ya cika aljihu da ita, wani ma ya sa guduma ya ɓanto jikin dutsen. A inda take kwance tana ba da labarin tafki. Idan ta koma kan tebur a falo, tsakuwa ce kawai.

Ba ina cewa kada a taɓa dutse ba ne. Gari na bukatar tsakuwa, mai fasa dutse a Dandi halaliyarsa yake nema. Tara duwatsu masu kyau ma sha'awa ce tsohuwa, a Ingila da Amurka har ƙungiyoyi gare su, kuma sun rubuta wa kansu ƙa'idoji: a nemi izinin mai fili, a ɗauki abin da ya riga ya faɗo ƙasa kafin a ɗaga guduma, a cike ramin da aka tona, a rubuta wuri da ranar da aka tsinci abu. Babu baƙon abu a nan in ban da na ƙarshen. Mai maganin gargajiya na ƙwarai ba ya yanke saiwar itace duka, yana ɗibar gefe guda ya mai da ƙasa, don itacen ya rayu ya sake samu baɗi. Baƙo kuma ba ya sa fartanya a ƙasar ƙauye bai gaida bulama ba. Rubuta wurin ne muke sakaci da shi, kuma a ganina shi ne ya fi tsada.

A kan hanyar komowa, ya kamata mutum ya ratse Gawi, ƙauyen Kotoko mai nisan kamar kilomita 10 daga birni, inda mata ke gina tukwane suna yi wa bangon gidaje zane, tsohon gidan sarki kuma ya zama gidan tarihi. Ƙasar wannan yanki cike take da tuddan mutanen Sao, masu binne mamatansu a cikin manyan tuluna. Tun daga shekarun 1930 Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka soma tona su, daga baya Lebeuf ya yi shekaru yana aiki a tudun Mdaga. Mai irin wannan aiki yana bin ƙasa ne hawa-hawa, yana rubuta me ke sama, me ke ƙasa, domin da haka ake sanin wane zamani ya riga wane. Mai tonon dare kuwa ɗan mutum-mutumin kawai yake nema, ya farfasa tulu, ya cakuɗa hawan ƙasar, ya bar rami. Ɓarnar ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Sao cikin jerin kayan Afirka da aka gargaɗi duniya kada ta saya, tare da na Nok a Nijeriya da na Bura a Nijar.

Wanda ke son ganin amfanin rubuta wuri, ya shiga gidan tarihi na ƙasa a nan birni ya tsaya gaban kwatankwacin ƙoƙon kan Tumai. Ranar 19 ga Yuli 2001 wani ɗan ƙasar nan, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsince shi a Toros-Menalla cikin hamadar Jurab, yana aiki da ayarin haɗin gwiwar Cadi da Faransa ƙarƙashin Michel Brunet na Jami'ar Poitiers. An ba wurin lamba, TM 266, duk ƙashin da aka ɗauka a nan kuma yana ɗauke da lambar. Da ƙasusuwan kifaye da kadoji da dangin dorina da ke kewaye da shi ne masana suka fara ƙiyasta masa shekara miliyan 6 zuwa 7. Da wani ne ya ɗauke shi ya jefa a buhu ya kawo kasuwa, da ba wanda zai iya faɗin shekarunsa. Kai, duk da wannan tsantseni ma gardama ba ta ƙare ba, domin Alain Beauvilain, wanda ya jagoranci ayarin a fili ran nan, ya dage cewa a kan yashi aka same shi, ba a cikin jikin dutse ba, saboda haka mai yiwuwa an taɓa gusar da shi. Ku duba fa, taƙaddamar manyan masana a kan 'yan taku kaɗan na ƙasa.

Haka abin yake ga duwatsun da ke faɗowa daga sama. A Oktoban 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. An san gonar, an san ranar, shi ya sa har yau masana a ko'ina suke kiransa Zagami, sun kuma tabbatar daga duniyar Mas ya fito. Wani ɗan'uwansa da ya fi shi girma, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, sunansa NWA 16788, wato lamba ce kawai a cikin dubban duwatsun Arewa maso Yammacin Afirka da suka bi ta hannun dillalai. An yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, sai da labari ya bazu sannan gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda ya fita daga ƙasar.

A nan Injamena, wurin masu sayar wa baƙi kayan tsaraba, za ka ga tire cike da kibiyoyin dutse da abin da kakanninmu ke kira gatarin aradu, wato gatarin da mutanen da suka sassaƙa tun Sahara tana da ciyawa da ruwa. Wasu masu sayarwar 'yan'uwanmu ne. Na tambayi wani dattijo daga cikinsu inda aka samo wani gatari baƙi sumul da ke gabansa, ya ce, "Malam, daga arewa." Na ce, "Baba, arewa ina? Borku ko Ennedi?" Ya yi dariya ya ce shi ma hannu na huɗu ya saya.