Mai Dokar Barci Ya Ɓige Da Gyangyaɗi: Mary Willingham Da Kwasa-Kwasan Bogi Na Jami'ar Karolina

A shekarar 2003 ne Mary Willingham ta kama aiki a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in gwamnati a Amurka. Aikinta shi ne taimaka wa ɗaliban da ke buga wa jami'ar wasa su iya jimre wa karatu. Ba ta daɗe ba ta fahimci cewa daga cikin samarin da dubban mutane ke yi wa tafi a filin ƙwallo, akwai waɗanda karanta shafi ɗaya na littafi ke yi wa wuya. Abin mamakin shi ne, duk ƙarshen zangon karatu sai sakamakonsu ya fito da maki mai kyau.

Dalilin wannan yana cikin tsarin wasannin jami'o'in Amurka. A can, ƙwallon kwando da ƙwallon zari-ruga irin na Amurka da ɗalibai ke bugawa babbar kasuwa ce. A 2010, hukumar NCAA mai kula da waɗannan wasanni ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasar ƙwallon kwandon maza a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14. A wancan lokaci doka ta hana a biya ɗan wasa albashi. Ladansa shi ne tallafin karatu, wato ya ba da ƙarfinsa a ba shi ilimi. Sharaɗin kuma shi ne kada makinsa ya faɗi ƙasa da wani mizani, in ba haka ba a hana shi wasa. Saboda haka makin ɗan wasa ya zama dukiyar da koci da jami'a ke gadi.

Hanyar da aka bi wajen gadin wannan dukiya a Chapel Hill tana cikin Sashen Nazarin Afirka da Baƙar Fatar Amurka. Tun daga 1993, wata ma'aikaciyar ofishin sashen mai suna Deborah Crowder, wadda ba malama ba ce, ta riƙa buɗe kwasa-kwasan da babu lacca, babu malami, babu jarrabawa. Jinga ɗaya tak ɗalibi zai rubuta ya miƙa a ƙarshen zango. Ita ce ke ba da taken, ita ce kuma ke sa maki, galibi mai yawa, ba tare da ta karanta aikin baki ɗaya ba. Sunan shugaban sashen, Farfesa Julius Nyang'oro, shi ake yawan rubutawa a matsayin malamin kwas ɗin. Masu ba 'yan wasa shawara kan karatu sun san da wannan ƙofa, kuma ta nan suke tura duk wanda makinsa ya fara tangal-tangal. Har da kwasa-kwasan harshen Swahili aka shigar cikin wannan tsari, ɗalibi ya cika sharaɗin koyon baƙon harshe ta hanyar rubuta jinga da Ingilishi. Abin takaici ne a ce sashen da aka kafa domin a ɗaukaka tarihin baƙar fata shi aka mayar wurin da ake tauye wa samari, da yawansu baƙar fata, hakkinsu na ilimi.

Asirin ya fara tonuwa ne ta wata fuska dabam. A 2010 NCAA ta binciki 'yan ƙwallon zari-rugar jami'ar bisa zargin karɓar kyautuka daga dillalan 'yan wasa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka dakatar, Michael McAdoo, ya kai ƙara kotu a 2011, sai jingar da ya rubuta a wani kwas na Swahili ta shiga takardun shari'a, jama'a suka karanta suka ga cike take da satar fasaha. Jaridar News & Observer ta birnin Raleigh ta bi sawun maganar. A 2012 Mary Willingham ta fito ta gaya wa jaridar abin da ta gani da idonta. A farkon 2014 ta ƙara bayyana wa tashar CNN cewa binciken da ta yi a kan 'yan wasa 183 ya nuna mafi yawansu ƙwarewarsu ta karatu ba ta wuce ta 'yan firamare da ƙaramar sakandare ba.

Nan take ta zama saniyar ware. Shugabannin jami'ar sun yi watsi da alƙalumanta, masanan da suka gayyato daga waje su ma suka ce gwajin da ta dogara da shi bai isa a yanke irin wannan hukunci ba. Magoya bayan ƙungiyar suka yi mata ca, har da masu barazana ga rayuwarta. A shekarar ta ajiye aiki, ta kai jami'ar ƙara, aka sasanta a 2015. Ana iya jayayya da lissafinta, amma babbar maganarta, wato samuwar kwasa-kwasan bogi, ta tabbata. A watan Oktoba na 2014, Kenneth Wainstein, tsohon babban jami'i a ma'aikatar shari'ar Amurka wanda jami'ar da kanta ta ɗauka ya yi bincike, ya fitar da rahotonsa: shekara 18 ana wannan abu, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai sama da 3,100 sun ratsa ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa ne. Hukumar da ke tantance ingancin jami'o'in kudancin Amurka ta sa jami'ar a ƙarƙashin jan kunne na shekara guda a 2015.

Sai ido ya koma kan NCAA. Tarihinta ya nuna tana iya zafi idan ta ga dama. A 1987 ta rufe ƙungiyar zari-rugar Jami'ar Southern Methodist na shekara guda cur saboda ana biyan 'yan wasa kuɗi a ɓoye. A 2010 Reggie Bush ya mayar da lambar Heisman, mafi daraja a wannan wasa, saboda an samu shi da iyalinsa da karɓar kyautuka lokacin da yake Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Ita kanta Karolina, a 2012 an hana ƙungiyarta wasannin ƙarshen kaka, aka rage mata guraben tallafin karatu 15, a kan batun dillalai da wata mai koyarwa da ta wuce gona da iri wajen taimaka wa 'yan wasa.

Amma a watan Oktoba na 2017, wata shida bayan Karolina ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na ƙasa, kwamitin ladabtarwa na NCAA ya bayyana cewa ba zai iya tabbatar da an karya dokokinsa na karatu ba. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, dokokin hukumar sun bar wa kowace jami'a ikon faɗin abin da take ɗauka maguɗi ne a karatunta, jami'ar kuwa ta tsaya a kan cewa kwasa-kwasan ba su saɓa wa ƙa'idojinta na wancan lokaci ba. Ta biyu, tun da sauran ɗalibai ma sun shiga kwasa-kwasan, ba za a ce wata alfarma ce aka keɓe wa 'yan wasa ba. Ma'ana, yawan waɗanda ɓarnar ta shafa shi ne ya zama garkuwar jami'ar. Ba a ƙwace kofi ko ɗaya ba.

Wannan rauni yana da tushe. NCAA ƙungiya ce ta jami'o'in da kansu: su ke rubuta dokokinta, su ke zama a kwamitocinta, su ke raba kuɗin da take samu. Ba ta da ikon kotu na tilasta wa shaida ya yi magana. Dokokin da suka hana kuɗi shiga aljihun ɗalibi an rubuta su filla-filla, waɗanda suka shafi ko ɗalibin ya koyi wani abu kuwa an bar su a hannun wanda ake tuhuma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Daga baya al'amura sun sauya ta fuskar kuɗi. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan NCAA ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, a shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa cin moriyar sunansu da hotonsu. A 2024 aka mayar wa Reggie Bush lambarsa. Abin da Mary Willingham ta yi kuka a kai shi ne ba a mayar wa kowa ba. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin 'yan wasan jami'a ke samun shiga manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Sauran da suka ratsa ta waɗancan kwasa-kwasai sun koma gida ne da takardar da ke shaidar ilimin da ba a ba su ba, su ne kuma za su ci gaba da biyan wannan bashi a duk wurin da aka buƙaci su nuna abin da suka koya.