Motar Tsere da Motar Hatsi

Hausawan da suke zaune a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har ƙauyukan Jazira, yawancin kakanninsu da ƙafa suka zo. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuwa hanyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Mutumin da kakansa ya yi shekaru yana taka ƙasa ba ya raina abu mai taya huɗu.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan akwai wani tsohon makanike, ya ba saba'in baya. Maigidan da ya koya masa aiki ya yi ƙuruciyarsa a garejin wani Bature ɗan Italiya a Asmara, inda ake tseren motoci a titunan gari tun 1938. Daga bakinsa yaron ya fara jin sunan Alfa Romeo da Maserati. Bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. Abin da ya gada dai shi ne kunne: maigidan yakan sa shi ya dafa bodi, ya rufe ido, ya faɗi fistin ɗin da yake ciwo.

Motocin nan na tsere suna da tarihi mai daɗi, mai ɗaci kuma. 'Yan'uwan Maserati sun buɗe garejinsu a Bolonya a 1914. Enzo Ferrari kuwa a 1929 ya kafa ƙungiyarsa ta tsere da motocin Alfa Romeo, sai a 1947 ya fito da mota mai sunansa. Babban fagensu shi ne tseren Mille Miglia, wato mil dubu, daga Bresha zuwa Roma a komo, a kan hanyar da jama'a suke bi. An fara shi a 1927. A 1957 tayar wata Ferrari ta fashe cikin gudu, direba da abokinsa suka mutu tare da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga nan aka hana. Da aka farfaɗo da shi a 1977, ya zama yawon tsofaffin motoci, ba rige-rige ba.

To, gyaransu fa? Nan ne tsohon yake gyara zama in jikansa yana karanta masa labari daga waya. Jikin motocin nan da hannu aka ƙera shi. A garin Modena maƙeran Scaglietti da guduma suke bugun falankin alminiyam har ya lanƙwasa yadda suke so, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna. Wannan ya gane shi sarai, ai aikinsa ke nan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙa'idar masu gyaran. A wurinsu gyara shi ne a mai da mota yadda ta fito ran farko. Lambar inji sai ta dace da ta littafin kamfani, haka ta giya, haka ta shasi. Tun 2006 kamfanin Ferrari yake da sashe na musamman mai bincike ya ba da takardar shaida. Ferrari 250 GTO guda 36 kaɗai aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, aka yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. In an sa mata injin da ya fi nata ƙarfi, daraja ta faɗi.

Tsohon ya yi dariya har da tari. A Sudan akasin haka ake yi. Dubi Bedford ta Ingila, wadda mutanen ƙasar suke kira sifinja, sunan silifas ɗin roba, saboda taushin tafiyarta. Maƙeran Shandi da El-Obeid sukan wargaza ta, su ƙara wa shasi tsawo da ƙarfi, su ƙara sifirin, su sauya inji, har ta ɗauki kayan da wanda ya ƙera ta bai yi mafarki ba. Mota ba ta zama ta kirki a nan sai ta rabu da kamanninta na kamfani.

Shi kansa motarsa 'yar Italiya ce, amma ba ta tsere ba. Fiat 682 ce, babbar motar kaya da aka fara ƙerawa a 1952, ta cika hanyoyin Habasha da gabashin Sudan. Mutanen Kano ma sun san Fiat, don an taɓa harhaɗa manyan motocinta a can. Tasa, in masu takardar shaida suka gani sai su kama baki. Lagireto na wata mota ne, fitilu ba su yi kama da juna ba, ƙofar hagu kuwa shi ya buga ta daga tsohuwar ganga. Shekara da shekaru tana jigilar dawa da riɗi da albasa zuwa kasuwa.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, safaya ta yanke, man gas ya yi wuya. A watan Disamba Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, mutane suka kwararo kudu wajen Sinnar, wasu a ƙafa kamar kakanninsu. A lokacin motar tana kan duwatsu, kulocinta ya ƙone. Kwana biyu tsohon da jikansa suka yi a ƙarƙashinta. Suka ciro faranti daga wata matacciyar mota, ya yi girma, suka rage shi da zarto, suka huda sababbin ramuka. Da ta tashi, mata da yara da tsofaffi aka loda inda ake loda buhu, sawu bayan sawu, har man ya ƙare.

Sojojin gwamnati sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025. Motar kuwa tun sawun ƙarshe take ɗigar da baƙin mai ta ƙasan inji. Tsohon ya yanka gasket daga kwalin sabulu, ya ce zai riƙe ta zuwa kaka.