Afararin Gwaggo

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, aka ce mana na mako huɗu ne. Mako huɗun nan kuwa bai ƙare ba sai ranar 14 ga Oktoba, watau wata takwas cur. Malamaina masu karanta wannan mujalla su kwantar da hankalinsu, ba zancen yajin zan tayar ba. Abin da zaman banza ya sa ni aikatawa a cikin watannin nan shi nake so in ba da labari, ko da yake rabin labarin abin kunya ne a gare ni.

Na tattara 'yan littattafaina na koma gida Boɗinga. Makon farko na yi karatu, na biyu na yi barci, daga na uku sai waya ta zama abokiyar hira. A cikinta ne wata rana na ga wata Baturiya ta cika tambulan da ƙanƙara, ta zuba baƙin kofi, sa'an nan ta kawo wata farar kumfa mai kauri ta tsiyaya a kai. Kumfar ba ta nutse ba, ta zauna bisa kofin kamar rawani, tana sauka a hankali zare-zare. Na bi diddigi na tarar kamfanin Starbucks na Amurka ne ya baza irin wannan kumfa mai sanyi a shagunansa a 2018, mutane kuma suka ga tsada suka koma yin ta a gida. Haɗin ba wuya: cokali 3 na kirim, cokali 2 na madara, cokali 1 na ruwan sukari mai ƙanshin banila, a burga da ɗan inji mai batir. Shi ke nan.

Mu dai mutanen ƙasar Sakkwato ba mashaya kofi ba ne. Goro da shayi su ne namu. Gahawa kuwa, wadda Sufayen Yaman suka riƙa sha tun ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, sai wurin alhazai muke jin labarinta. Ni kaina kwanan jarrabawa ne ya koya mini Nescafé, ba daɗinsa ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Na ƙudurta a raina lalle sai na yi kumfar nan, in ɗauki hotonta, in aika wa 'yan ajinmu su san cewa Boɗinga ma gari ce.

Na fara da madarar gari, na dama, na girgiza a cikin gorar ruwa har kafaɗata ta ƙage. Ta yi kumfa irin ta sabulu, kafin in ɗauko waya ta kwanta. Na gwada ta gwangwani, ita ma haka. Sai na koma ga kalmar nan kirim, na tambayi Inna ko mene ne shi da Hausa. Ta ce ita kirim ɗin da ta sani na shafawa ne. Da na kwatanta mata cewa shi ne maiƙon da ke tasowa saman madara in ta kwana, ta dube ni tsawon lokaci, ta ce, “Afarari kaka nuhi? Yanzu kai Hausa kaka karatu jami'a, ba ka san afarari ba?” Ban ce uffan ba. A lokacin ina iya zana maka bishiyar li'irabin jimla a kan allo, ina iya kawo maka rabe-raben aikatau guda bakwai na Parsons ba tare da na numfasa ba, amma sunan abin da ke saman ƙwaryar nono ya gagare ni. Ta ce in afarari nake so sai in tafi Shagari wurin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. An aurar da ita tana yarinya ga wani Bafulatani a wata 'yar ruga da ke bayan garin Shagari, ta koyi tatsa da kaɗa mai a hannun uwar mijinta har ta fi 'ya'yan gidan. Mijin ya rasu, garken ya watse tsakanin rabon gado da sayarwa da abin da ɓarayi suka kora, ya rage mata shanu huɗu, Bokoloji farare masu gajeren ƙaho da saɓa-saɓan leɓe. Biyu daga ciki ake tatsa. Da su take ci, da su take tufatar da jikoki uku da ke gabanta.

Na hau mota a bakin titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, na sauka Shagari, garin da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 2018, na ƙarasa da babur. Cikin watan Afrilu ne, ana tsakiyar azumi, zafi ya haura digiri 40. Duk wanda ya san kiwo ya san bazara ita ce lokacin da saniya ke ramewa, hantsa ta tsotse, abin da ake tatsa da safe da ƙyar yake rufe gindin ƙwarya. Ni ban san wannan ba, ko in ce ban damu in sani ba.

Gwaggo ta yi murna da zuwana ƙwarai, ta sa aka share mini ɗaki. Kwana na biyu da la'asar ta fita ɗaure shanu, ni kuma na shiga ɗakinta. Ga ƙwarya babba a rufe da faifai, ga wata 'yar ƙarama a gefe. Na buɗe ƙaramar, sai ga shi, mai kauri, fari da ɗan rawaya-rawaya. Ban tambayi kowa ba. A ganina kayan Gwaggo kayana ne, ba kuwa zan ɗebi da yawa ba. Amma da na zuba cokali uku a kwano na ga bai kai ya yi hoto ba, sai na ƙara, na sake ƙarawa, har dai na juye ƙwaryar duka. Na ambaza sukari, na ɗiga banilar da na sayo wurin masu kayan kek, na ƙara garin kofi don launi, na ɗauki maburgin miya na shiga murzawa tsakanin tafin hannu.

Da farko abin ya yi kamar zai tashi, zuciyata ta yi fari. Na ƙara ƙaimi. Can sai na ga ya fara tsinkewa, wasu 'yan gudaji masu laushi suna haɗuwa, wani ruwa tsululu mai launin ƙasa yana warewa gefe. Na ce ƙila ƙarfi ne bai isa ba, na ci gaba. Ina cikin haka inuwa ta rufe ƙofa.

“Mi kaka yi nan, ɗan nan?”

Na ce kumfa nake yi, irin ta Turawa. Ta karɓi kwanon, ta karkata shi wajen haske, ta shinshina, ta juya gudajin da yatsa. Ta ce, “Kumhwa? Ai mai kak kaɗa. Amma wanga mai naka, wa ka sayen shi da sukari?” Ta yi 'yar dariya, ta aje kwanon, ta ce in je in yi alwala an kusa shan ruwa. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan zancen ba har na bar rugar.

Sai bayan Salla, da babbar jikarta ta zo Boɗinga yawon Salla, na ji sauran labarin daga bakinta. Ashe afararin kwana biyar ne na juye. Gwaggo tana tara shi ne don ta kaɗa wa wata mata a cikin gari da ta riga ta ba da kafin alkalami saboda tuwon Salla, da kuɗin kuma za a sayi dusa domin saniyar da ke shayarwa. Da man ya lalace ta mayar wa matar kuɗinta, ta kama zabinta biyu ta kai kasuwa. Yarinyar ta faɗi wannan ne tana dariya, tana ba Inna labarin yadda suka shafe mai mai zaƙi a kan burodi kwana uku. Inna ba ta yi dariya ba. Ni kuwa na tashi na shiga ɗaki. Da Gwaggo ta zage ni a ranar, ko ta kai ƙarata wurin Baba, da tuni na manta. Shirun nan nata shi ya hana ni sakat. Na aika mata da kuɗi ta hannun yarinyar, ta maido, ta ce a gaya mini ita ba ta sayar wa ɗan ƙanenta nono.

Tun da kuɗi sun ƙi karɓuwa, sai na koma neman sanin inda na kuskure. Abin da na karanto ga shi a taƙaice. Maiƙon madara yana cikinta ne a matsayin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowace da fatarta. Sun fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa in an bar madarar shanu ta kwana suke tasowa sama su zama afarari. Madarar kwali ta kanti ba ta yin haka, don an farfasa ƙwayoyin da inji, madarar gari kuwa da yawa daga cikinta an cire maiƙon saniyar an sa man itatuwa a gurbinsa. In afarari ya yi sanyi sosai, ƙasa da digiri 10, maiƙon yakan daskare rabi da rabi. Da an burga shi iska ta shiga, ƙwayoyin nan sai su jeru su kewaye kowane ƙwan iska su riƙe shi, kumfa ta tsaya. Ana son maiƙon ya kai kashi 30 cikin ɗari kafin ta tsaya da ƙarfi, madarar da ake ƙarawa kuwa don ta sassauta ta ne ta riƙa tsiyaya. In babu sanyi, ko aka zarce da burgawa, ƙwayoyin sai su saki iskar su rungumi juna, su zama curi, ruwan ya ware. Curin shi ne man shanu. Watau kumfar da ake sayarwa da tsada a Amurka zango ce a kan hanyar da Gwaggo ke bi kullum ta wuce ba ta ko waiwaya. Har wa yau na gane afararin da na ɗiba mai tsami ne, na saman kindirmo, wanda ko ya tashi ba zai yi daɗi a kofi ba.

Cikin Agusta, damina ta zauna, ciyawa ta rufe ƙasa, na koma. Wannan karon na ɗauro rabin buhun dusa a bayan babur, da ƙanƙara a cikin kula wadda na lulluɓe da buhun algarara. Dusar na sauke ta a bayan ɗaki ban ce kome ba, ita ma ta gani ba ta ce kome ba. Bayan mun gaisa na ce, “Gwaggo, so nake ki koya mini.” Ta ce, “Ɗan boko, mi za ni koya maka, ku da kuka da littahi?” Amma na ga ta ji daɗi.

Na nuna mata hoton a waya sau biyu. Ta ce wannan ai ta san shi, in tana kaɗa gora da asuba lokacin ɗari akwai inda sautin ke canzawa, ya daina ƙara ya koma luƙui-luƙui, gorar ta yi kamar ta cika. Wurin nan ne, in ji ta, mai yake shirin zuwa. Da kunne take gane shi. Ta ce abin da bai taɓa zo mata a rai ba shi ne wai mutum da hankalinsa ya tsaya a nan.

Ta ware mini tatsar yamma. Muka dafa ta tukuna, gama ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, ita ma Gwaggo ba ta ba jikokinta sai dafaffiya. Da ta huce muka zuba a kwanon sha, muka rufe, muka dasa shi cikin ƙanƙara a kula ya kwana. Da asuba ta yaye saman da bakin ludayi, a hankali, kamar mai ɗauke mayafi daga kan jariri, ta tace a rariya. Ruwan sukarin ni na dafa, sukari da ruwa daidai wa daida, ta ce in bar banilar nan mai warin turare, ta jefa kanumfari biyu a ciki. Muka auna uku, biyu, ɗaya da ludayi ƙarami. Ta ɗora kwanon bisa ragowar ƙanƙara, ta wanke sabon maburgi, ta miƙo mini, ta tsuguna gefe tana kallo.

Ina murzawa tana fira, ni kuma ina kama kalmomi. A safiyar nan na ji bambancin madara da kindirmo da tsala daga bakin mai abin, na ji ita ahwarari take cewa, na ji kosam da nebbam na mutanen mijinta. Daga baya na cika shafi shida na littafin rubutuna, su ne kuma na gina aikin jinga a kansu da muka koma makaranta. Na lura kuma, ina mai jin kunya, cewa wasali ɗaya ne ya raba burga da burge, ni kuwa na biyun ne ya kai ni Shagari tun farko.

“Tsaya!” in ji ta. Na ce ai bai yi ba. Ta riƙe mini hannu. Ta tsoma bayan ludayi ta ɗaga, farin abu ya lulluɓe shi, yana zuba a hankali ba ya tsinkewa. Ta ce in na ƙara murza goma, sai burodi.

Na dama Nescafé da ruwan randa, na jefa 'yan gutsattsarin ƙanƙarar da suka rage, na tsiyaya kumfar a kai. Ta zauna. Jikokin suka kewaye tambulan suna kallon fararen zaren suna sauka cikin baƙin ruwa. Na laluba aljihu in ɗauki hoto, ashe wayar ta mutu tun cikin dare, rugar kuwa ba inda za a yi caji.

Na miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Ta yi bisimilla ta kurɓa, kumfa ta yi mata farin gashin baki, yara suka fashe da dariya. Ta sake kurɓa, wannan karon ta kai ga kofin, ta yamutsa fuska. Sai ta ɗauki ludayi ta kwashe kumfar tas, ta raba wa jikokin a tafin hannu, ta lashe sauran. Ta turo mini tambulan, ta ce, “Na sama dai ya yi. Wanga baƙin ruwa kuwa, sha abinka.” Ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi wurin shanu.