Gidan da Murhunsa Ya Mutu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce, amma sau da yawa ilmin da take buɗewa ba shi ne wanda matafiyi ya fita nema ba. Haka ta faru ga wani malamin harshe cikin watan Yuli na shekarar 2019, sa'ad da ya je Landan taron ƙara wa juna sani. Da aka watse sai ya ga yana da sauran kwana uku, ga shi kuwa zuciyarsa ba ta kwance, domin kafin ya taso yayarsa ta gaya masa cewa wani attajiri ya taya gidan mahaifinsu da ke ƙauye cikin ƙasar Zazzau, zai rushe ya gina kantuna, magada duka sun yarda, bakinsa kaɗai ake jira. Saboda haka ya nemi wurin da zai kaɗaita. Ya shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington, ya sauka a Maidenhead, mota ta kai shi wani tsohon gida na iyayen ƙasa a karkarar Berkshire, wanda aka mayar masaukin baƙi.

Ya kamata mai karatu ya san asalin irin waɗannan gidaje. A Ingila ta dā an kasa ƙasar noma gunduma-gunduma, kowace da ubangidanta, har Sarki Wiliyam, wanda ya ci ƙasar a 1066, ya sa aka ƙididdige su cikin wani babban kundi a 1086. Talakawa sukan yi wa ubangida aiki a gonarsa kamar yadda ake aikin gandu, shi kuwa gidansa nan ake shari'a, nan ake sauke baƙo. Daga wajejen 1875 hatsi mai araha daga Amurka ya karya darajar gonakin Ingila. A 1894 aka kafa harajin gādo a kan dukiyar mamaci, wanda a 1949 ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kuma suka kwashe barori, ba su koma ba. Aka rushe ɗaruruwan gidaje, har a 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert ya shirya nuni musamman a kan wannan asara. Waɗanda suka tsira, wasu ƙungiyar National Trust ta karɓe su, wasu suka zama makarantu, wasu kuwa masaukai.

Gidan da malamin ya sauka yana cikin na ƙarshen nan. Wata tsohuwa ce ta tarbe shi, daga baya ya gane ita ce jikar masu gidan, tana zaune a ɗaki biyu bisa tsohuwar bargar dawaki, ta bar wa baƙi sauran. Ta zaga da shi. Ya ga tebur mai kujeru fiye da ashirin an gitta masa igiya don kada a taɓa. A wani lungu ya ga jerin ƙararrawa a bango, kowace da sunan ɗaki a ƙarƙashinta, waɗanda dā in an ja igiya daga sama sukan kaɗa, bara ya sheƙa. A ƙarshe suka shiga madafa, ga murhun ƙarfe wanda zai ci rago guda, an goge shi fes, amma sanyi ƙalau. Tsohuwar ta ce karin kumallo kaɗai ake bayarwa, sa'an nan ta miƙa masa wata takarda mai jerin gidajen abinci na kewaye, tana murmushi, ta ce ya yi sa'a, domin kaf Ingila da wuya a sami karkarar da ta fi wannan abinci.

Ba ta kuwa yi ƙarya ba. Kusa da nan, a bakin kogin Tems, akwai ƙauyen Bray, wanda sunansa ya kewaye duniya saboda girki. Kamfanin tayoyin mota na Michelin a Faransa ya fara buga littafin jagoran matafiya a 1900, daga baya ya riƙa ba gidajen abinci taurari, uku su ne maƙura. A wannan ɗan ƙauye akwai Waterside Inn, wanda 'yan'uwa biyu Faransawa, Michel da Albert Roux, suka buɗe a 1972, ya sami tauraro na uku a 1985. Akwai kuma Fat Duck na Heston Blumenthal, wanda aka buɗe a 1995, ya sami nasa a 2004. Sai dai irin waɗannan wurare sai an kama kujera tun da makonni, kuɗin cin dare ɗaya kuwa ya fi ƙarfin aljihun malamin jami'a. Saboda haka ya wuce su yana kallo, ya shiga wani ɗan gidan abinci, ya tambayi ma'aikaciya abin da babu naman alade ko giya a cikinsa. Ta amsa masa da ladabi, ta kawo masa gasasshen kifi da dankali da ɗanyen wake. Ya ci ya ƙoshi, ya biya, aka yi masa godiya.

Da ya komo wajen ƙarfe tara rana ba ta gama faɗuwa ba, sai ya zauna a lambu yana jiran magariba. A nan ne abin ya dame shi. Ba a rage shi da kome ba, shimfiɗa mai kyau, abinci mai daɗi, fuska a sake. Amma ya kwana a gida guda, ya ci a wani, kowanne kuwa da lissafinsa. Sai ya tuna zauren mahaifinsa bayan sallar isha'i, yadda akan jera akussa, fatake da almajirai da duk wanda dare ya yi wa su sa hannu, ba mai tambayar sunan wani sai an wanke hannu. Tun rasuwar tsohon ba a sake yi wa gidan yaɓe ba, azara ta fara leƙowa, indararo ya karye, 'ya'ya kowa ya kama birni. Ya ga ashe ba harajin gādo kaɗai ke kashe babban gida ba, watsewar masu hura wuta ma ta isa.

Kashegari wajen karin kumallo ya tambayi tsohuwar ko ba ta jin ciwon ganin baƙi na kwana ɗakin kakanta da kuɗi. Ta ce tana ji, amma kuɗin nan shi ke gyara rufi, kuma gara gida mai haya da filin da ake nunawa a ce dā akwai gida a nan. Wannan magana ta sa ya daina ganin laifinta, ta kuma hana shi yabon kansa, domin ita ta zauna ta riƙe abin da ya samu, shi kuwa shekara huɗu rabonsa da kwana a ƙauye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A daren ƙarshe ya buga wa yayarsa waya. Ya ce, "Yaya, a ba mai tayi haƙuri. Zan biya masu son rabonsu a hankali, a gyara zaure kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To Malam, gyara ba wuya. Wa zai zauna? Wa zai tuƙa tuwon?" Bai sami amsa nan take ba, domin ya san tambayar ta fi kuɗi nauyi.

An gyara zauren a daminar nan. Wani ɗan baffansu da iyalinsa suka tare a ciki, malamin yana aika musu buhun dawa duk wata biyu, bisa sharaɗin kullum dare a fitar da akushi ɗaya zaure. Wani dare akan sami mai ci, wani dare a mayar da shi a rufe. Har yanzu wasu magada suna ganin wauta ce, bashin rabonsu kuwa bai gama biya ba. Ita takardar jerin gidajen abincin tana nan cikin littafinsa, ya kan duba ta duk lokacin da nauyin ya sa ya fara tunanin sayarwa.