Hasken Daren Sallah Daga Wurno Zuwa Goronyo

Uwargida, in jajibirin Sallah ya riske ki a Wurno, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ki lura da gidaje bayan magariba. Lantarki ba shi da tabbas, fitilar sola ce ta gaji aci-balbal. Sai dai farin haskenta na kashe ido, ya dusashe kyan ɗaki. Juya ta ta kalli bango ko jeren samiru, hasken ya dawo a tausashe, har ƙunshinki ya fito.

Rabah, mahaifar Sardauna, haka take. Amma a Goronyo, kusa da madatsar kogin Rima, sauro ba ya ɗaga ƙafa. In fitilar ƙwai kika kunna, rataye ta nesa da gidan sauron yara.