Watan Takutaha a Koki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani a Koki, cikin birnin Kano, a shekarar 2019, don har yau abin bai bar raina ba.

Na taso daga Zariya ne in gai da wani aminin mahaifina, dattijo ɗan kasuwa. Koki unguwar attajirai ce tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ga Kasuwar Kurmi kusa, ga dutsen Dala yana leƙen mutum. Na sauka watan Safar na gab da mutuwa. A daren 27 ga Oktoba muna zaune a zaure sai ga yaro da kwalin alewa, wai wani Ba'indiye abokin cinikin Baba ya aiko, yau sallarsu ce. Baba ya juya kwalin, ya ce alewa dai ba yanka ba ce, ya raba wa jikoki.

Kashegari na bi Baba kantin mutumin nan, na tambaye shi wace irin salla ce. Ya ce suna da wata mai suna Kartik, wanda 'yan Hindu ke girmamawa ƙwarai. A daren da wata ya ɓace ɗungum suke bikin Diwali, su jera fitilun kasko a ƙofofi, suna tunawa da komowar wani sarkinsu Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji. 'Yan kasuwarsu kuwa ran nan suke buɗe sabon littafin lissafi. In wata ya cika, sai jama'a su yi sammako su yi wanka a kogin Ganga, musamman a birnin Banaras, suna neman kankarar zunubi bisa ga imaninsu. Ya ce kusan duk shekara uku sukan ƙara wata ɗaya, shi ya sa Kartik ba ya barin kaka. Namu kuwa kowa ya sani yana ja baya da kwana 11 kowace shekara. To, a shekarar nan sai aka yi gamon katar: jinjirin watan da ya biyo daren fitilunsu, shi ne muka duba muka ce Rabi'ul Awwal ya tsaya.

Tun daga daren nan Koki ba ta ƙara barci da wuri ba. Bayan lisha sai ka ji karatun Ishiriniya daga wannan zaure, na gaba ya amsa da Alburda, tsofaffi suna gyaɗa kai, waɗansu har da hawaye. Daren 12 aka kwana ana karanta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma ranar da Kanawa suka fi ji da ita ita ce ta 19, ranar suna, wadda suke kira Takutaha. Tun da hantsi kwanuka ke ketare lungu, tuwo da kaji daga gidan mai shi zuwa gidan marashi. Na ƙirga kwano tara da suka shigo gidan Baba, waɗanda suka fita kuwa na gaji da ƙirga.

Da la'asar yara suka yi ado suka nufi Dala. Nan fa gardama ta tashi. Babban ɗan Baba ya ce 'ya'yansa ba za su hau ba, don a kan dutsen nan Barbushe ya zauna yana bautar Tsumburbura kafin Wangarawa su zo zamanin Sarki Yaji, me ya raba hawan da wankan kogin da na ba su labari? Baba ya fusata, ya ce shi ya hau, ubansa ya hau, ba wanda ya taɓa roƙon dutse komai. Har na bar gidan uba da ɗa ba su ƙara cin abinci kwano ɗaya ba.

Ni dai na hau. Ban ga mai bauta ba, ko ɗaya. Na ga birni shimfiɗe har bayan ganuwa, yara suna nuna wa juna rufin gidajensu. A ganina Baba ya fi gaskiya, gama Ba'indiye yana shiga kogi da niyyar ibada, yaron Koki kuwa kallo ya kai shi. Amma ɗan nasa ma bai rasa abin kamawa ba. Samari da 'yan mata sun cakuɗe a matakala, ana ture ƙanana, a gabana wata yarinya ta faɗi ta fasa goshi, ba babba ko ɗaya tare da ita.

Saboda haka ina roƙon malaman Kano su rubuto wa jaridar nan asalin hawan Dala ran Takutaha, in kai wa Baba da ɗansa. Masu unguwannin da ke gindin dutsen kuma su sa dattawa a matakala ran nan, maza su hau ta gefe ɗaya, mata ta ɗaya.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Zariya.