Farar Fitila a Daren Nima

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ya san unguwar ba ta barci da wuri. Bayan isha'i titi yake cika: masu shayi, masu tsire, mata da tiren ƙosai, yara 'yan makarantar dare, ga toro-toro da babura kowa na neman hanyarsa. Daga shataletalen Nima har cikin Mamobi, mai tafiya a ƙafa da mai mota kafaɗa da kafaɗa suke, ga kuma kwata a gefe baki buɗe. A nan na shekara ashirin da wani abu ina sana'ar albasa, a nan kuma wata fitilar mota ta koya mini hankali.

Tun da aka tashe mu daga Agbogbloshie a 2021 aka mayar da kasuwar albasa Adjen Kotoku, tafiyar asuba ta zame mini dole, don in tari motocin da suka kwaso kaya daga Galmi. Ido kuwa ya fara gajiya, shekaru sun haura hamsin. Sai wani yaro mai gyaran wayar mota a unguwarmu ya ce, "Alhaji, a cire maka wannan jan ƙwan, a sa LED, dare ya koma maka rana." Cikin rabin awa ya gama. Na kunna, bangon maƙwabta ya yi fari fat. Na biya ina murna.

Kwana huɗu bayan haka na fito kafin kiran assalatu. A wani lungu na Mamobi wani mai babur ya tunkaro ni, ya goyo ɗansa. Sai na ga ya ɗaga hannu ya tare fuska, babur ya karkace, tayar gaba ta tsaya a leɓen kwata. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da na fito sai na ga ashe mutumin da muke sahu ɗaya ne a masallaci. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, kai kana gani, ni kuma fa?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar na bar albasa na nufi Abossey Okai, babbar kasuwar kayan mota ta Ankara, can wajen Kaneshi, jikin Sabon Zango. Wanda bai taɓa zuwa ba zai sha mamaki: layi bayan layi, injin a kan injin, fitilu a rataye kamar kifi a rumfa, sababbi da waɗanda suka yi aiki a Turai, da mu a nan muke ce wa hom-yus. Wani dattijo mai gyaran fitila ya leƙa tawa, ya girgiza kai.

Ga abin da ya fahimtar da ni. Kwanon da ke bayan ƙwai an ƙera shi ne daidai da 'yar wayar nan da ke ci a cikin ƙwan halojin, don ya tattara haske ya kwantar da shi a kan kwalta. In aka cusa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani gurbi dabam, sai hasken ya watsu sama, ya shiga idon mai zuwa. Kai kana ganin fari ka ɗauka ƙarfi ne, alhali nesa ba ka ƙaru da komai ba. Ya kuma ce a kula da fitilar da aka kwance daga motar Ingila ko Japan. Can a hagu suke tuƙi, Gana kuwa tun 1974 ta koma dama, don haka irin wannan fitila gefen masu zuwa take ɗaga haskenta.

Ya mayar mini da halojin mai kyau, ya goge gilashin da ya yi jaja-jaja, wanda ashe shi ne ya cinye rabin haskena tun farko. Da magariba ya sa na tsayar da motar a fili, mita 10 daga bango. Ya auna tsayin fitila daga ƙasa, ya ja layi da alli, ya yi ta murɗa sukuru har bakin hasken dim ya sauka kamar santimita 10 a ƙasan layin, ɓangaren dama ya ɗan ɗaga don ganin gefen hanya. Aikin bai kai kuɗin LED ɗin da na zubar ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma ba ma nawa ba.

'Yan'uwa masu shigowa da mota Gana, ku riƙe wannan. Hukumar DVLA ce ke ba da takardar ingancin mota: motar gida shekara-shekara, ta haya da ta kaya duk wata shida, kuma fitila na cikin abin da ake dubawa tare da birki da taya. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta yi magana a kan yawan fitilun da mota za ta ɗauka da inda za a kafa su. 'Yan sandan MTTD da hukumar kiyaye haɗurra sun sha tare manyan motoci suna sa a kwance tarin fitilun da ake jerawa a goshinsu. Direban da ya taso daga Nijar da kayan miliyoyi bai kamata ya kwana a shinge saboda kwalliya ba.

Yanzu in na biyo ta Kanda da asuba, na wuce babban masallacin ƙasa da hasumiyoyinsa, haskena a ƙasa yake, kan kwalta. Mutumin nan har yau sahunmu ɗaya. Rannan da muka fito ya dubi motar ya ce, "Alhaji, ta musulunta ke nan?" Muka yi dariya, na saya masa koko da ƙosai.